Kada Ki Jingine Lafiyarki Har Sai Miji Ya Fito

Sharhinmu na wannan fitowa naki ne, ke da kike zaune a birni, shekarunki sun kai 30 ko sun haura, kuma ba ki da aure, ko dai ba ki taɓa yi ba, ko kin yi kin fito, ko kuma maigidan ya riga mu gidan gaskiya. Mun san irin maganganun da kike sha. A gidan biki a ce miki "saura naki", a gidan suna a tambaye ki "yaushe za mu sha biki?", wasu kuma da kin ba da baya su ce kin yi kwantai, kamar dai ke haja ce da aka kasa a Kantin Kwari. Ba mu da ikon rufe bakin jama'a, kuma ba aikin asibiti ba ne haɗa aure. Abin da ya shafe mu shi ne wata ɗabi'a da wannan matsi yake haifarwa, wato mace ta ɗage duk wani abu da ya shafi lafiyarta har sai ranar da ta shiga ɗakin miji.

Ra'ayinmu a nan a fili yake. Rashin aure ba cuta ba ne, babu shi a littafin likita. Amma kunyar zuwa asibiti saboda ba ki da aure, da gaggawar neman auren ta kowane hali, waɗannan biyun suna kwantar da mata da dama a gadon jinya. Jikinki ba ya jiran a shafa fatiha kafin ya yi abin da shekaru suka tanadar masa, saboda haka ke ma bai kamata ki jira ba.

Yadda birni ya sauya lissafi

Binciken lafiya da yawan jama'a da aka gudanar a Najeriya a 2018 ya nuna cewa kusan rabin matan ƙasar nan sun yi auren fari ne kafin su wuce shekara 19, kuma a yankin Arewa maso Yamma shekarun sun yi ƙasa da haka. Da wannan ma'auni iyayenmu da kakanninmu suke auna ki. To amma rayuwar birni irin su Kano da Kaduna da Abuja tana da nata lissafin daban. Yarinyar da ta gama sakandare tana da shekara 18, ta jira gurbin karatu, ta shiga jami'a, ta gamu da yajin aikin malamai irin na 2022 wanda ya ci wata 8, ta yi hidimar ƙasa ta shekara guda, sannan ta shiga neman aiki, kafin ta ankara ta doshi 27 ko 28. Su ma samarin haka abin yake gare su, ga tsadar hayar gida, ga lefe, ga sauran ɗawainiya da al'ada ta ɗora. Wata kuma ita ce ke riƙe da ƙannenta da mahaifiyarta tun bayan rasuwar uba. Wata ta yi aure da wuri, an sake ta da 'ya'ya biyu tana da shekara 24.

Hukumomi ma sun san da zaman wannan al'amari. Tun a 2012 gwamnatin Kano ta fara aurar da zawarawa ta hannun Hukumar Hisbah, kuma a watan Oktoba na 2023 an ɗaura auren mutum 1,800 da amarensu a irin wannan shiri. Wannan kaɗai ya isa ya nuna miki cewa ba ke kaɗai ba ce, kuma jinkirin ba alama ce ta cewa akwai wani aibu a jikinki ba.

Gaskiyar magana game da shekaru da haihuwa

Abin da ya fi tayar wa mace hankali idan shekaru suna ja shi ne haihuwa. A nan ba za mu yaudare ki ba, kuma ba za mu tsorata ki ba. Ana haihuwar 'ya mace da ƙwayayen haihuwarta gaba ɗaya, tsakanin miliyan 1 zuwa miliyan 2. Kafin ta balaga sun ragu zuwa wajen 300,000 ko 400,000, kuma haka za su ci gaba da raguwa, ko ta yi aure ko ba ta yi ba. Likitocin mata sun tabbatar da cewa sauƙin ɗaukar ciki yana fara raguwa sannu a hankali daga wajen shekara 32, sannan raguwar ta ƙara sauri bayan 37. Mace mai lafiya da ba ta wuce farkon shekarun talatin ba, a kowane wata tana da damar ɗaukar ciki kamar 1 cikin 4. A shekara 40 damar takan koma kamar 1 cikin 10 a kowane wata. Haka nan ɓari, da hawan jini na masu ciki, da ciwon suga na masu ciki, sun fi yawa bayan shekara 35.

Ki lura da kyau, raguwa aka ce, ba yankewa ba. Mata masu yawa suna haihuwa lafiya lau a shekara 36 da 38 har da 41, musamman waɗanda suka shiga cikin da ƙoshin lafiya kuma suka riƙe awo da muhimmanci. Al'ada takan ɗauke gaba ɗaya ne tsakanin shekara 45 zuwa 55 ga yawancin mata. Amma akwai kamar mace 1 cikin 100 da tata takan ɗauke kafin 40. Don haka idan kin ga al'adarki ta yi wata 3 ba ta zo ba alhali kin san babu juna biyu, ko tana yi miki tsalle-tsalle, ko kina jin zafi yana taso miki da gumin dare, ki zo a duba ki yanzu. Kada ki ce ai tun da babu miji babu amfanin bincike.

Idan Allah Ya kawo auren, ga ƙa'idar da ya kamata ki riƙe. Matar da ba ta kai 35 ba takan jira shekara guda tana tare da miji kafin a fara binciken rashin haihuwa. Wadda ta kai 35 wata 6 kawai za ta jira. Wadda ta haura 40 kuwa ta ga likita tun farkon auren. Ki fara shan ƙwayar folik asid tun kafin cikin ya shiga, domin tana kare jariri daga tawayar laka da ƙwaƙwalwa. Kuma ku zo tare da maigidan, saboda a kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta yi wa wuya akwai hannun matsalar namiji a ciki. Kada a ɗora wa shekarunki laifi tun ba a gwada kowa ba.

Ƙarin mahaifa, ciwon da kunya ke renonsa

Idan akwai ciwo guda da ya fi cutar da mata marasa aure a ɓoye, to ƙarin mahaifa ne. Tsiro ne da ke fitowa a naman mahaifa, kuma ba ciwon daji ba ne. Ya fi yawa a tsakanin mata baƙar fata, har wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2003 ya gano cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na matan baƙar fata sukan samu shi kafin su cika shekara 50. Da yawa ba sa ma sanin suna da shi domin ba ya damunsu. Gaskiya ne an fi ganinsa ga waɗanda ba su taɓa haihuwa ba, amma matan aure masu 'ya'ya ma suna fama da shi, kuma aure ba maganinsa ba ne kamar yadda ake faɗa a gari.

Alamominsa sun haɗa da jinin al'ada mai yawa da ke wuce kwana 7, ko zubar gudaji, ko ki riƙa canza ƙunzugu duk bayan awa ɗaya ko biyu, da nauyin mara, da yawan fitsari, da kumburin ciki. Wannan kumburin shi ne babban tashin hankalin budurwa ko bazawara, domin tana tsoron a ce ciki ne da ita. Sai ta ƙara girman hijabi, ta daina shiga mutane, ta koma sayen jiƙe-jiƙe a wajen masu tallar magani da lasifika, waɗanda ke cewa za su narkar da shi cikin mako biyu. Babu jiƙon da aka tabbatar yana narkar da ƙari. Abin da ke faruwa shi ne jini yana ta ƙarewa, ga jiri, ga haki, ga bugun zuciya, ƙarin kuma yana ta girma. Wadda da ta zo da wuri maganin rage zubar jini da na ƙarin jini za su ishe ta, ko a yi mata aikin cire ƙarin a bar mata mahaifarta, sai ta zo a lokacin da aikin ya yi tsanani.

Muna so ki san abubuwa uku da za su rage miki fargaba. Na farko, hoton da ake gano ƙari da shi a kan fatar ciki ake ɗora na'urarsa, ba ya taɓa budurci. Na biyu, babu ma'aikacin da zai duba jikinki ba da yardarki ba, kuma kina da damar neman a sa ma'aikaciya mace ta tsaya tare da ke, ko ki nemi ganin likita mace idan akwai. Na uku, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikatan lafiya riƙe sirrin majiyyaci. Ke baliga ce, ba ki buƙatar sa hannun miji kafin a saurare ki.

Haka zancen yake game da sankarar mama, wadda ita ce ciwon dajin da ya fi kama mata a Najeriya. Ki saba da duba ƙirjinki sau ɗaya a wata bayan kin yi wankan tsarki, idan kin ji kulu ko kin ga wani sauyi ki garzayo. Duk macen da ta taɓa sanin namiji, musamman daga shekara 30, tana buƙatar gwajin sankarar bakin mahaifa, ko da ta daɗe da fitowa daga gidan miji. Idan kuma kina da 'ya ko ƙanwa ƙarama, ki tuna cewa tun Oktoban 2023 Najeriya ta shigar da rigakafin wannan cuta cikin alluran da ake yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14.

Gyaran jikin da ke rushe jiki

Matsin neman miji ya buɗe wa wasu kasuwa. An sa wa mata a rai cewa sai fara, sai mai cika, sai wadda ba a gane shekarunta, ita ce za ta samu shiga. Daga nan sai a faɗa wa man bilicin da haɗe-haɗen da ake sayarwa a roba babu suna babu lambar NAFDAC. Yawancin waɗannan mayuka suna ɗauke da sinadarin haidirokwinon, ko makuri, ko kuma magungunan da likitocin fata ke bayarwa na ɗan lokaci don kumburi da ƙaiƙayi. Makuri yana lalata ƙoda. Sauran kuma suna sa fata ta yi siriri, ta yi nankarwa, ta yi dabbare-dabbaren baƙi a kumatu da gaɓoɓin yatsu, kuma idan an yi wa mace tiyata ɗinkin yakan yi wuyar kamewa. Ki duba, wadda ta yi shafe-shafen don kada ta tsufa ita ce fatarta ke rigan ta tsufa.

Sai kuma ƙwayoyin ƙiba da ake kira "sha ka fashe". Da yawansu maganin dezametazon ne, wanda aka yi shi don wasu cututtuka na daban. Ƙibar da yake kawowa ta kumburin fuska ce da tumbi, tare da hawan jini, da ciwon suga, da raunin ƙashi, da rikicewar al'ada. Idan kin daɗe kina sha, kada ki yanke shi rana ɗaya, domin hakan ma yana da haɗari. Ki zo da kwalin ko ƙwayar a hannunki, likita zai tsara miki yadda za ki rage shi a hankali, kuma babu wanda zai yi miki faɗa.

Game da kayan mata, musamman na matsi, muna jan hankalinki cewa gaban mace yana da tsarin tsabtace kansa. Cusa abin da ba a san haɗinsa ba yana kawo ƙuna da sanyi, wani lokaci har tabon da zai zame matsala a zaman aure da wajen haihuwa. Mai sayarwa a WhatsApp ba za ta raka ki asibiti ba ranar da abin ya ɓaci.

Zance a birni da batun gwaji

A da, manemi ɗan unguwa ne ko ɗan dangi, an san gidansu, an san asalinsa. Yau a wajen aiki ake haɗuwa, ko a Adaidaita Sahu, ko a Facebook, ko ta hannun masu dalilin aure. Babu laifi a cikin hakan, kuma an yi aure masu albarka ta waɗannan hanyoyi. Sai dai akwai mazan da suka ƙware wajen gane macen da gori ya gajiyar, su zo mata da alkawarin aure a baki. Alamominsu ba ɓoyayyu ba ne: ba ya son zuwa gidanku, ba ya son ki san nasa, yana neman rance, yana neman hoton da ba za ki so iyayenki su gani ba, ko yana cewa sai ya "tabbatar" kina haihuwa kafin ya turo magabata. Wanda ke nufin aure da gaske ba ya gudun a bincike shi. Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Babban ma'aunin da muke ba ki shawara ki riƙe shi ne gwajin jini. A watan Mayu na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano, wanda ya ƙunshi cuta mai karya garkuwar jiki, da ciwon hanta nau'in B da C, da gwajin sikila. Shawararmu ita ce kada ku bari sai an kawo lefe an buga kati, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ki san naki sakamakon tun yanzu da babu kowa a gabanki. Idan magana ta yi nisa da wani, ku je tare, a ɗebi jinin a gabanku, ku karɓi sakamakon tare. Kada ki amince da takardar da aka kawo miki daga aljihu. Kuma da yake cuta mai karya garkuwar jiki ba ta bayyana a gwaji nan take bayan an kamu, yana da kyau a maimaita bayan wata 3.

Kusan mutum 1 cikin 4 a ƙasar nan yana ɗauke da AS. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da damar 1 cikin 4 ta zuwa da yaro mai sikila, kuma wannan lissafin sabo yake komawa a kowane ciki. Mun san nauyin da ke cikin rabuwa da manemi a shekara 35, ana ce miki wa ya san lokacin da wani zai sake fitowa. Amma ki zagaya sashen yara masu sikila ki ga abin da iyaye ke gani da tsakar dare, sannan ki yanke hukunci da idonki a buɗe. Ciwon hanta nau'in B kuwa ba lallai ya raba aure ba, domin wanda ba shi da shi zai iya karɓar rigakafi, allura 3 cikin wata 6, a kuma yi wa jariri tasa cikin awa 24 da haihuwa. Haka mai cuta mai karya garkuwar jiki da ke shan maganinsa a kan ƙa'ida yana iya aure ya haifi 'ya'ya lafiyayyu bisa kulawar likita. Amfanin gwaji shi ne kowa ya shiga da saninsa.

Idan kuma wani ya ci zarafinki, kada kunya ta zaunar da ke a gida. Akwai maganin kariya daga cuta mai karya garkuwar jiki, amma dole a fara shi cikin awa 72, kuma gwargwadon saurin zuwa gwargwadon amfaninsa.

Ciwon da ba ya fitowa a hoto

Gori yana cin rai. Idan kin yi mako 2 ko fiye kina cikin ƙunci, barci ya ƙaurace, abinci ya fita a ranki, abin da kike so a da ya daina burge ki, ko kina jin rayuwar ba ta da amfani, wannan ciwon damuwa ne, kuma yana da magani kamar yadda hawan jini yake da shi. Ganin likitan ƙwaƙwalwa ba ya nufin hauka, kuma ba ya hana addu'a. Ki guji neman sauƙi a wajen ƙwayar barci ta kemis ko maganin tari mai kodin, wanda illarsa ta sa gwamnatin tarayya ta hana sarrafa shi da shigo da shi a 2018. Ki riƙe ƙawaye na kirki, ki riƙe sana'arki, ki riƙa motsa jiki ko da tafiyar minti 30 ce a yawancin kwanakin mako, ki auna jininki da suganki aƙalla sau ɗaya a shekara. A cikin abin da kike tarawa na kayan ɗaki, ki ware wani abu domin lafiya, ko ki shiga tsarin inshorar lafiya.

Kira ga iyaye da ma'aikatanmu

Iyaye, musamman ku iyaye mata, idan 'yarku ta ce al'adarta ta yi yawa ko mararta na ciwo, amsar ba ita ce "idan kin yi aure zai daina" ba. Ku rako ta asibiti. Idan cikinta ya kumbura, ku fara da tambayar likita kafin zargi. Mu ma ma'aikatan lafiya akwai gyara a gare mu. Tambayar "ina mijinki?" da ƙarfi a gaban layi, ko kallon sama da ƙasa ga budurwar da ta zo sashen mata, ya isa ya sa ta juya ba za ta sake dawowa ba sai an ɗauko ta ranga-ranga.

Daga ƙarshe 'yar'uwa, aure lokaci ne, kuma wani jinkirin alheri ne. Muna yi miki fatan miji nagari idan shi kike nema. Kafin ya zo, ki yanki kati, ki san awon jininki, ki san rukuninki na sikila, a duba abin da ke damunki tun yana ƙarami. Idan ya zo ya same ki da lafiyarki, idan kuma ya yi jinkiri kina nan da ƙarfinki kina amfanar kanki da danginki. Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya bai wa marasa lafiyarmu sauƙi, amin.